Ɗakin da Shatu Ta Toshe

Shekara goma sha ɗaya Audi yana gadin wani garejin manyan motoci a Kongolam, ƙarƙashin fitilun da ba a kashewa sai gari ya waye. Da mantuwa ta kama shi, har yakan tsaya tsakiyar sallah ya rasa raka'a nawa ya yi, sai matarsa Shatu ta kai shi wurin wata likita a Daura.

Likitar ta ce, "Akwai sinadarin da jiki ke yi da kansa, melatonin. Yana taimakawa wajen kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kamar yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa. A duhu ya fi samuwa. Ban yi muku alkawarin warkewa ba, amma ya riƙa barci cikin duhu."

Barin aikin ba zai yiwu ba. Sai Shatu ta toshe tagar ɗakinsa da buhuna, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa, yana kwanciya da hantsi.

Cikin wata biyu ya daina rikita sunayen 'ya'yansa. Shatu ta yi murna. Daga nan ya fara tuno abubuwan da suka daɗe: sunan akuyar mahaifiyarsa, ranar da aka yaye shi.

Wata ranar Talata bayan azahar ya fito ya zauna a tabarma, ya ce, "Ranar da aka binne Kaka Badaru a Dutsi, sai da aka haƙa kabari biyu. Na farkon ruwa ya cika shi."

Shatu ta ce, "Malam, ba ka ce kafin a haife ka ya rasu ba?"

"Da shekara uku. Amma na ji sanyin ruwan a bayana."

Washegari Shatu ta tafi Dutsi wurin Goggo Haulatu, ƙanwar mahaifin Audi, ta maimaita mata. Tsohuwar ta ajiye carbinta.

"Mutum huɗu suka san wannan, duk sun mutu. Ni ma ta katanga na leƙo. Koma gida ki buɗe masa taga."

Da ta dawo ta tarar da shi zaune cikin ɗakin, ido biyu. Ta kai hannu za ta yaye buhun, ya ce mata a hankali, da wata murya ta tsofaffi, "Bari tukuna, yarinya. 'Yar waye ke?"

Ta fizge buhunan duka. Audi ya kare fuska da hannu, ya kira sunanta daidai, ya tambaye ta ko an yi la'asar. Daga ranar a tsakar gida yake barci, ƙarƙashin darbejiya. Mantuwar ta ɗan dawo, Shatu kuwa ba ta sake kai ƙorafinta wurin kowa ba.