Numfashin Baba Mutala

Busar ta yanke a tsakiya, daidai inda ya kamata ta miƙe ta yi sama. Baba Mutala ya zare saksofon daga bakinsa, ya juya wa jama'a baya kamar mai gyara wani abu, Bashiru mai ganga ya yi maza ya cike gurbin. Mutanen da ke zaune a kan rufin gidan abincin suka ɗauki tafi. A ganinsu salo ne, don a kiɗan jaz ko tuntuɓe mutum ya yi, sai an sami wanda zai ce gwaninta ce.

Muhsina ba ta tafa ba. Ta daɗe tana aikin jinya a ɗakin masu ciwon zuciya, kunnenta ya san bambancin mai hutawa da mai neman iska. Ta dubi ƙafafun tsohon. Baƙin takalmin nan da yake gogewa har ya yi sheƙi yau babu igiya, ƙafar ta kumbura ta cika shi har ta yi toroƙo.

"Lemonki zai yi ɗumi," in ji mijinta Badaruddeen. "Ke da kike cewa kukan jaki ne, yau kin fi kowa ƙura ido."

Da gaskiyarsa. Lokacin da suka zo wannan ƙasa ta Larabawa suka tare a unguwar Abu Hamour, a wani babban gida da aka yanyanka da allo aka zuba 'yan haya, abin da ya fara tarar ta ke nan. Kullum bayan la'asar sai busa ta ratso bangon kicin daga ɗakin Baba Mutala, ta hau, ta sauko, ta koma inda ta fito. Muhsina 'yar gidan malamai ce a Gusau, gidan da ko rediyo ya saki waƙa sai an rage murya. Ta yi mita har ta gaji. To amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kafin shekara ta zagayo ta san inda kowace busa za ta lanƙwasa, tana yankan albasa tana jiran wurin. Yanzu kuwa duk Juma'ar da ba ta da aiki, ita ke jan mijinta zuwa wannan rufi na tsohuwar unguwar Al Asmakh, inda ake kiɗa daga la'asar zuwa magariba ana shan shayi da lemon na'a-na'a.

Mai busar mutumin zangon Kumasi ne, ba mata, ba ɗa a kusa. Ranakun mako yana tuƙa motar wata makaranta, Juma'a kuma ya saka kwat. Yana kiranta ɗiyata, tana kiransa Baba. In ya dafa wake da shinkafa irin na mutanen Gana sai ya ƙwanƙwasa bango, in ta tuƙa tuwo ita ma ta ƙwanƙwasa.

Da tuwon ta fake ranar Lahadi. Badaruddeen ya koma wurin aikinsa na gas can arewacin ƙasar, ba zai dawo ba sai ƙarshen mako. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ba ta shiga. Daga nan tana hango komai, don ɗakin bai fi taku kaɗan ba. Gado a gyare tsaf kamar ba a kwana a kai, sai kujerar roba da aka jibga wa filo. A kan taga ga ƙaramin kofin shayi na gilashi, da ɗan siririn gora a jiƙe a ciki. Shi ake ɗaurawa a bakin saksofon, shi Baba ke kira harshe. Ya taɓa ce mata in harshe bai sha ruwa ba, ƙaho ba ya magana.

"Baba, a zaune kake barci?"

"Wa ya gaya miki?"

"Kujerar ce. Ina jin kukanta ta bango."

Ya yi dariya, dariyar ta zame ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa sai da ya dafa ƙofa. Da ya lafa, ya leƙa tsakar gida hagu da dama kafin ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyata, abin ga sanyi ne kawai. Kar ki faɗa ma kowa."

"Ba sanyi ba ne. Ƙafarka ta kumbura, ba ka iya kwanciya, numfashinka ya gajarce. Zuciya ce, Baba, kuma tana da magani. Saka rigarka mu tafi asibiti yanzu."

Ya girgiza kai a hankali. "Kin san Mudasiru? Ba ki san shi ba. Shi ke buga mana babban jita a da. Tari ya kama shi, ya tafi da ƙafarshi, suka ɗauki hoton ƙirjinshi. Suka ce tarin fuka. Khalas, shi ke nan. Ba mu sake ganinshi ba, sai waya daga garinsu Tamale, an mayar da shi gida. Ko kayanshi, mu muka ɗaure muka aika."

"Naka ba irin nasa ba ne."

"Ke kin ga cikin ƙirjina? In hoto ya nuna tabo, wa zai tsaya mini? Kafil ɗina ma, wanda da sunanshi nake zaune a ƙasar ga, bai san fuskata ba. In koma Kumasi in yi me? Waɗanda na sani duk suna maƙabartar Tafo."

Ta yi bayani, ta sake yi. Ta ce ko da tarin ne ma ana maganinsa, ba kowa ake mayarwa gida ba. Ya saurara da ladabi kamar mai jin wa'azi, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk direbobi da masu gadin da yake zama da su labari ɗaya suke bayarwa, kuma labarin ya fi takardar shaidarta ƙarfi a kunnensa.

"Ji nan," ya ce daga ƙarshe. "Juma'ar ga ita ce ta ƙarshe. Zafi ya zo, za su rufe wurin kiɗan na sama sai sanyi ya dawo. Ki bar ni in hura ta. Asabar da safe, ki kai ni duk inda kike so. Amma kafin nan amana na ba ki. Ko maigidanki."

"Baba, kwanakin da yawa."

"Amana," ya sake cewa, ya miƙo hannu biyu ya karɓi kwanon.

Ta ce to. Tun tana faɗa ta san bai kamata ba. A asibiti da ta ɗaga waya an turo kujera, amma nan ba asibiti ba ne, kuma mutumin sa'an mahaifinta ne, ya roƙe ta da bakinsa. Kunya ta yi mata dabaibayi.

Makon ya zo mata da nauyi. Ta kai masa shawarar ya bar gishiri, ya ce to. Ta ce ya huta da tuƙi, ya ce yara za su makara. Busar la'asar ba ta daina ba, sai dai ta zama guntu-guntu, kamar mai hawa bene yana tsayawa a kowace matakala. Sau da yawa Muhsina takan tsinci kanta a tsaye da wuƙa a hannu, ta riƙe nata numfashin har sai busar ta dawo. Ranar Laraba ba ta dawo ba. Ta jira, ta jira, sannan ta ƙwanƙwasa bango. Sai can aka amsa da bugu mai rauni.

Ta kira mijinta a waya ranar, maganar tana bakinta. Ya tambaye ta lafiya, ta ce lafiya lau. Alkawari kaya ne, ita kuwa ta ɗauka ba gammo. Tsoro take ji ƙwarai, kuma tana jin haushin kanta.

Ranar Alhamis ta ji ana jan abubuwa a ɗakin, ana buɗe durowa ana rufewa. Ta ɗauka shara yake yi.

Juma'a rufin ya cika. Iskar ta riga ta fara ɗumi, fankokin da aka kakkafa suna juya ta kawai. 'Yan Indiya da Filifin da Larabawa da Turawa, ga kuma teburin mutanen zango a gefe suna ta gaisawa da ƙarfi. Baba Mutala ya hau benen a hankali, Bashiru na riƙe masa da akwatin ƙahon. Da ya ga Muhsina ya ɗaga mata yatsa kamar mai cewa saura kaɗan.

Ya yi busa ranar irin wadda ba ta taɓa ji ta bango ba. Da yake iskar ba ta isarsa, sai ya daina dogayen zance. Ya riƙa ajiye sautin kaɗan-kaɗan, ya bar shiru a tsakani, mai fiyano ya lallaɓa ya bi shi. Mutane suka daina motsa cokali. Wata mata a teburin gaba ta rufe ido tana murmushi. Muhsina ta ji daɗin kiɗan har cikin ƙashinta, kuma wannan ya fi komai ba ta tsoro, don ta san abin da ake biya da shi. Tana ganin jijiyar wuyansa ta miƙe, tana ganin gumi yana bin kwalar rigarsa.

A waƙar ƙarshe ya kai wurin nan da ya faɗi makon jiya. Bashiru ya ɗaga sanduna a shirye. Tsohon ya rufe ido, ya ja busar ta yi sama, ta tsaya cak a can, ta daɗe, sannan ya sauko da ita lafiya. Rufin ya kaure da tafi, daidai lokacin da masallacin unguwa ya fara kiran magariba.

Ta same shi a bayan fage, zaune kan akwatin lasifika. Leɓensa ya yi toka-toka.

"Baba, don Allah mu wuce yanzu. Ga mota, ga Badaruddeen."

Mijinta ya dube ta, ya dubi tsohon, fuskarsa ta canja. "Mu wuce ina? Me ke faruwa?"

"Ba komai, Injiniya," in ji Baba Mutala. Ya dubi Muhsina ido cikin ido. "Mun ce Asabar. Ina da abin da ban gama ba a ɗaki. Yalla, ku je ku yi salla."

A mota ta fasa amanar, ta gaya wa mijinta komai. Ya ce da gari ya waye shi da kansa zai kai shi, ko da ɗauka ne. Bayan isha'i suka ƙwanƙwasa bango, aka amsa. Da wannan suka kwanta.

Da safe ba a amsa ba. Ƙofar ba a kulle take ba, Badaruddeen ya tura, ya yi sallama, sannan ya tsaya. Muhsina ta ratsa ta gefensa, karo na farko da ta taɓa taka ɗakin.

Yana zaune a kujerar roba, ya yi wanka, ya saka farar jallabiya da hula, fasfo ɗinsa a aljihun gaba. Ta kama wuyan hannunsa don aiki ya saba mata, amma sanyin ya riga ya gaya mata. Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sai a lokacin ta ga ɗakin. Babu komai a bango, babu komai a durowa. An naɗe katifa. A bakin ƙofa ga manyan jakunkuna masu zanen ɗaki-ɗaki an ɗaure su tam da igiya, akwatin saksofon a kai. Ashe duk bayanin da ta yi bai shiga ba. Ya yarda zai bi ta ne don ya yi mata alkawari, amma a ransa daga asibiti sai filin jirgi, kuma bai so a sha wahalar ɗaure masa kaya kamar yadda suka yi wa Mudasiru.

Likitan da ya duba gawar ya ce zuciya ce, ruwa ya taru. Babu alamar tarin fuka.

Mutanen zango suka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar da ke nan Abu Hamour, ba nisa da gidan. Muhsina ta zauna a gida tare da matan da suka zo gaisuwa, suna ta cewa ai kin yi masa ƙoƙari, maƙwabciyar kirki. Kowace kalma sai ta ji kamar an ɗora mata dutse.

Da la'asar Bashiru ya zo kwashe kayan. Ya ce tun Alhamis Baba ya aike shi sayen igiya, bai faɗi ta mece ce ba. Ya fitar da jakunkunan ɗaya bayan ɗaya, ya rungumi akwatin ƙahon, ya tsaya a ƙofa yana waige.

"Hajiya, ki duba mini ko na bar wani abu."

Ta leƙa. Ɗakin fayau, sai kujerar roba. A kan taga, inda rana ta faɗo, ga ƙaramin kofin shayin nan cike da sabon ruwa, harshen gora yana tsaye a ciki, ya jiƙu, yana jiran busar la'asar.