Haƙoran Kan Sarki

Kubura ta kwance bakin zanenta ta ciro ambulan ɗin, amma hannunta ya ƙi miƙawa. Malam Labaran na zaune a kan tabarma a zaurensa na Kankiya, ya buɗe tafin hannu yana jira. Tsoho ne da ya yi shekara talatin da biyar a gidan waya yana sayar da kan sarki, ya yi ritaya da su fal kwali.

"Ba cinyewa zan yi ba, 'yata. Kawo."

Ta ba shi. Tun da safe ta fito daga Dudunni a kan babur, ko koko ba ta sha ba. Gobe za a zauna gaban dagaci a raba gonar kakanta, kuma 'ya'yan baffanta sun ce ba ta da ko taki ɗaya a ciki. Ba su ɓoye dalili ba, don su dai bakinsu ba ya da linzami. Wai mahaifinta Ummaru soja ya mutu a yaƙin basasa tun shekarar sittin da takwas, ita kuwa sai a saba'in aka haife ta.

Inna, mahaifiyarta, maganarta ɗaya ce tun Kubura na goye. Ummaru ya zo hutu da daminar sittin da tara, ya same ta a gidan iyayenta a Bauranya, ya kwana tara ya koma. Waɗanda suka gan shi duk ƙasa ta rufe su. Abin da ya rage wasiƙa ce guda, inda ya rubuta da ajami cewa Allah ya sauke ta lafiya. Gara ta cinye kusurwar da kwanan wata yake, ɗigar ɗaki ta wanke hatimin. 'Yan'uwa suka ce ai cikin fari yake nufi, wanda ya zube a sittin da bakwai.

Malam Labaran bai ko zaro wasiƙar ba. Ya kai ambulan ɗin dab da hancinsa, ya nisanta shi, ya sake matso da shi. A nan Kubura ta lura da farar yanar da ta lulluɓe masa idanu, gabanta ya faɗi. Ashe makaho aka turo ta wurinsa.

"Na ji numfashinki ya sake," in ji shi. "Ido ya tafi, gaskiya ne. Ke naki na nan?"

"Yana nan, Baba. Sai dai ban yi boko ba."

"Ba karatu na ce ki yi ba. Mi kika gani a jikin kan sarkin?"

"Damisa."

"Madalla. To damisar nan iri biyu ce, kamar tagwaye. Ta fari a Turai aka buga ta. Ta biyu a Legas, kuma ba ta zo hannunmu ba sai sittin da tara. Ina sabon ma'aikaci lokacin, ni na kwance ƙunshin da hannuna."

Ya lalubo wani tsohon littafi a cikin kwalin, ya ƙirga shafuka da yatsa, ya sa matsefata ya ɗauko kan sarki biyu ya ajiye a kan murfin. Wallahi Kubura ba ta ga bambancin komai ba. Damisa ce dai, da launi ɗaya, da zama ɗaya.

"Na dama na Turai, na hagu na Legas. Kin ga 'yan haƙoran nan na gefe, inda ake yagewa? Injin da ya huda su ba ɗaya ba ne. Ɗauki na dama ki kara gefensa da na ambulan ɗinki, haƙori ya kalli haƙori."

Ya ba ta gilashin ƙara girma mai tsagaggen mariƙi. Ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Haƙora uku na farko suka dace, zuciyarta ta tsinke. Daga na biyar sai suka fara gocewa, kafin ƙarshe haƙori yana kallon rami.

"Sun saɓa, Baba."

"Sa na hagu."

Ta sa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana motsa leɓe, tun daga sama har ƙasa, kowanne ya zauna daidai da ɗan'uwansa kamar haƙoran zif. Ta sake bi don kada son zuciya ya ruɗe ta.

"Sun dace."

"Kada ki yi sauri, shaida ɗaya ba ta isa ba. Duba can ƙasa, a farin gefen da ke ƙarƙashin hoton. Na Legas suna sa sunan maɗaba'arsu."

"Akwai wani ɗan rubutu sirit, kamar sawun tururuwa."

"A na Turan fa?"

Ta duba. "Babu irinsa."

Tsohon ya jingina da bango. "To mataccen sittin da takwas bai lashi kan sarkin sittin da tara ya manna ba. Gobe ki turo babur ya ɗauke ni da littafina. Dagaci na da ido, shi ma ya kara ya gani."

Kubura ta zauna riƙe da gilashin, hawaye na zuba, ta kau da ambulan ɗin gefe don kada su ɗiga a kai. Murna ce, amma kunya ta fi yawa. Shekara hamsin da biyar tana tare wa Inna faɗa a bakin rijiya da gidan biki, alhali can cikin ranta ita ma tana lissafin watanni. Ko zuwan nan ba ta gaya mata ba, cewa ta yi za ta asibiti, don tsoron abin da za a gano.

"Yanzu gidan dagacin za ki fara biyawa?" Malam Labaran ya tambaya yana mayar da kan sarkinsa.

Ta naɗe ambulan ɗin a bakin zane, ta ƙulle sau biyu.

"A'a, Baba, gona ta jira gobe. Wurin Inna za ni in roƙi gafara."