Mataki na Bakwai

Murfin famfo ashirin aka dawo da su masana'antar, duk sun tsage a wuri ɗaya. Kawu, mai wurin, ya zube su a kan tebur ya ce laifin Baba Mai Inji ne, tsohon da ke yanka ƙarfen. Hannun tsohon ya fara rawa, in ji Kawu, ranar Asabar zai sallame shi.

"Ni abin da aka zana mini nake yankawa," in ji tsohon. "A duba zanen."

Mai zanen kuwa Dogo ne, ɗan ƙanwar Kawu. A kwamfuta yake aikinsa, kuma manhajar ba ta mantuwa. Duk layin da ya ja, duk ramin da ya huda, tana jera su a ƙasan allo, mataki bayan mataki. Murfin nan yana da mataki ɗari huɗu da goma sha biyu, domin Dogo ba ya komawa baya ya yi gyara. In ya ga matsala sai ya liƙa faci a ƙarshe.

Ya kama alamar da ke nuna matakin da ake kai, ya riƙa janta baya. Ramukan kusoshi suka ɓace, sannan baki, sannan kunnuwa. Bai sa wa ko mataki ɗaya suna ba, don haka dole ya buɗe kowanne ya leƙa. Awa uku ya yi a haka. A mataki na bakwai ya ga kaurin bangon murfin: milimita huɗu ya rubuta, maimakon shida.

Ya gwada mayar da shi shida. Nan take matakai sama da ɗari suka yi ja, alamar sun lalace, saboda a kan wancan awon aka ɗora su. Gyaransu aikin kwana biyu ne, kuma Kawu zai tambayi dalili.

Baba Mai Inji ya leƙo yana goge hannu da tsumma.

"Ɗana, ka ga wani abu? Ni wannan talabijin taku ba na gane ta."

"Ina dai dubawa, Baba."

"To duba da kyau. Tsayin nan naka ya yi amfani yau."

Da tsohon ya fita, Dogo ya mayar da huɗun, jan ya ɓace. Ya ja alamar zuwa ƙarshe, ya ƙara wa bangon kauri daga ciki, ya adana. Minti biyar ya ɗauka. Wayo ake kiran wannan yanzu. Tsoro ne.

Ranar Asabar tsohon ya kwashe kayan awonsa da kofin shayinsa ya tafi. Aka ɗauki sabon ma'aikaci, ya yanka abin da aka zana masa, murfi bai sake tsagewa ba.

"Ka gani ko?" in ji Kawu. "Ni idona ba ya ƙarya."

"Haka ne, Kawu," in ji Dogo.