Sunan Zahran

Shekara arba'in mutanen garin Tanta suna sayen alawar riɗi a shagon Zahran. Har bayan rasuwar tsohon, ba mai cewa a ba shi alawa, sai dai "a ba ni Zahran". Ɗansa Fikri ne ya gaji shagon.

Wata rana wani mai kamfani, Midhat, ya zo daga Alƙahira da takardu.

"Ba shagonka nake so ba, Alhaji. Sunan kawai za ka sayar mini."

Nawal, yayar Fikri, ta ja shi gefe. "Kai, sunan ubanmu ne fa!"

"Haba Yaya, daɗin alawa a hannuna yake, ba a allo ba."

Ya sa hannu. Ya sauke tsohon allon, ya kafa sabo: Alawar Fikri. Riɗin nan ne, tukunyar nan ce, amma mutane suka riƙa wucewa. Wani tsohon abokin ciniki ya ɗanɗana, ya ce, "Ba laifi, sai dai ba ta kai Zahran ba." Gwangwanayen kamfani kuwa, masu hoton mahaifinsa, sun cika kowane kanti.

Da zafi ya tsananta, Nawal ta faɗo shagon tana haki.

"Ka ji? Yara shida na asibiti. Zahran suka ci a wajen biki."

"Ai ba tawa ba ce!"

"Wa za ka faɗa wa?"

Bayan la'asar maza suka fara taruwa a bakin shagon. A gabansu akwai Sabri mahauci, maƙwabcin Fikri tun ƙuruciya, wanda 'yarsa ke cikin yaran.

"Fito, ɗan Zahran."

Fikri ya fito da takardar cinikin. Ya miƙa, ba wanda ya karɓa.

"Hoton wa ke jikin gwangwanin?" in ji Sabri a hankali. "Don ubanka na saya. Ni ban san wani Midhat ba."

Ba su taɓa shi ba. Sun daɗe suna kallonsa, sannan suka watse.

Yaran sun warke. Cikin wata guda kamfanin ya sake suna, ya ci gaba da ciniki. Shagon Fikri kuwa ba wanda ya ƙara leƙawa. Ranar da ya rufe shi, Nawal ta zo idanunta jajur: dangin saurayin 'yarta sun aiko, sun fasa auren. Sun ce ba za su haɗa jini da gidan Zahran ba.