Farin Murfi da Baƙin Murfi

Auta ta ɗaga fim ɗin a hasken taga, sai ta hango katangar maƙwabta ta cikinsa tar, har da igiyar shanyarsu. Babu tafki, babu tsauni, babu komai. Ta ɗaga na biyun, shi ma garau kamar gilashin fitila.

Fim huɗu kacal suka rage wa Baba, kowanne faɗin tafin hannu, kuma ba a sayar da irinsa a garin. In an aika a sayo, sai an jira wata guda. Taron unguwa kuwa jibi ne. A can za a yanke ko a bar masu shara su ci gaba da cike tafkin bayan gari, ko a kai kuka ga hukuma. Duk ranar da Auta ta tayar da maganar, Ciyaman ɗin unguwa yakan gyara zama ya ce, "Malama, ai tafkin nan tun fil azal haka yake." Sai jama'a su gyaɗa kai, mutanen da a cikinsa suka koyi iyo. Wannan gyaɗa kan ya fi warin sharar ci mata rai.

Babanta tsohon mai hoto ne, kuma yana da hoton tafkin na shekara talatin da suka wuce, ruwa shimfiɗe har gindin tsauni. Ita kuwa ta yi kwas ɗin hoto a kwaleji kafin ta fara koyarwa. Ta ci alwashin ɗaukar sabo daga kan dutse ɗaya, da kyamara ɗaya, ta jera su gaban masu musu. Jiya da safe suka hau dutsen da tsohuwar kyamarar katako mai wuya kamar zugazugi, da ƙafafunta uku. Auta ta shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle tana saita hoton a gilashi, sama a ƙasa, ƙasa a sama. Baba ya riƙe gidajen fim guda biyu, kowanne ɗauke da fim biyu, gaba da baya, a bayan murfin da ake zarewa. Bakin murfin gefe ɗaya fari ne, ɗayan baƙi. Shi ya zare, ita ta latsa, shi ya mayar. Sau biyu suka ɗauka, duka a gida ɗaya.

Yau ta toshe tagar banɗaki da bargo, ta sanyaya maganin wankin fim da ƙanƙarar firjin Inna, ta wanke biyu a cikin duhu. Ga abin da ta samu.

Ba ta tsaya kuka ba. Ta jefa ɗaya gidan fim ɗin a jaka, ta saɓi ƙafafun kyamara. Da sauran rana, za ta koma dutsen.

"Sai ina kuma da kayan yaƙi?" in ji Inna, tana guga a falo.

"Hoton bai fita ba. Kyamarar tsufa ta yi, kamar komai na unguwar nan."

"Kya faɗa wa mai ita."

Mai ita yana kishingiɗe da rediyo a ƙirji. Ya rage murya ya miƙo hannu. Auta ta ba shi jiƙaƙƙen fim ɗin. Ya juya shi, ya duba gefe, ya shinshina.

"Kyamarar da ta tsufa yoyon haske take yi, fim ya fito baƙi. Wannan bai taɓa ganin rana ba. Wane gida kika buɗe?"

"Wanda muka ɗauka mana. Mai baƙin murfi."

Baba ya tashi zaune.

"Na cikin jakar fa?"

"Fari. Sabo ne. Baba, rana na tafiya."

"Ajiye jakar nan a hankali, kamar ƙwai ne a ciki."

"Baƙi an ɗauka, fari ba a ɗauka ba. Haka aka koya mana, haka yake a kowane littafi."

"Littafin bai yi aiki a shagon maigidana ba. Shi cewa ya yi fim ɗin da ke zaune cikin duhu baƙi ne, wanda ya ga haske fari. Shekara arba'in haka nake juya murfina."

"To duk duniya ta yi gabas, ku kun yi yamma?"

"Duniya ba ta taɓa riƙe min gidan fim ba."

Auta ta dubi jakar. Da ta kai dutsen, da ta ɗora hoto kan hoto ta kashe duka biyun da hannunta.

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Me ya hana ki tambaya? Tunda kika dawo da takardar nan, bayani kike min, ba tambaya ba."

Inna ta kife dutsen guga. "Gado ba karambani ba. Kunnen ƙashi dai kowa ya samu rabonsa."

Maganin da ya rage na wanki ɗaya ne. Su biyun suka shiga banɗakin, Baba ya zauna kan kifaffen bokiti, Inna ta ja kujera bakin ƙofa da agogon waya. Aka kashe fitila. Auta ta lalubo fim ɗin ta gefe, ta zura su cikin tire, ta shiga jijjiga shi a hankali. Ba ta ganin ko yatsanta.

"Ba wankin kaya kike ba," in ji Baba daga duhu. "Lallaɓa shi."

"Minti uku," in ji Inna. "Ku yi sauri, akwai masu uzuri a gidan nan."

"Baba, kai ma fa ka gyaɗa kai a taron da ya wuce. Na gan ka."

Ruwa kawai ke motsi a tire.

"Na gyaɗa. Rabona da hawa dutsen nan tun kina goye. Sai jiya na gani da idona."

A minti na tara ta mayar da su tire na biyu, sannan na uku. Da Inna ta ce lokaci ya cika, Auta ta yaye bargon.

Sama ta fito baƙa, tsauni fari-fari, yadda fim ke juya launi kafin a buga. A ƙasa ga ɗan ruwan da ya rage, bai fi tabarma ba, shara ta kewaye shi ta ko'ina. Baba ya ciro tabarau mai ƙara girma ya kafa ido. Kowace leda ta fito da kanta, har sawun baro a kan taɓo.

"Wannan ya isa a buga shi faɗin ƙofa," ya ce. "Ni zan buga, da tsohon da sabon. Ke ki tanadi bakinki."

"Za ka je taron?"

"Wa zai riƙe miki ɗaya gefen? In Ciyaman ya ce haka yake tun fil azal, zan tambaye shi wa na tsamo daga ruwan nan da wuyan riga."

Auta ta maƙale fim ɗin a igiya da abin shanya, suna ɗiga. Baba ya ce kada wanda ya shiga sai sun bushe, ƙura kaɗan ta isa ta ɓata su. Inna ta dube su, ta dubi ƙofar, ta ɗauki mayafi ta nufi banɗakin gidan maƙwabta tana mita.