Ɓurɓushin Ƙarfe a Idon Mai Walda

Sati bakwai suka yi suna jiran wannan rana. Hoton farko ya nuna akwai ƙari a ƙwaƙwalwar Baba, amma likitan tiyata ya ce ba zai sa wuƙa a kan mutum da lalube ba. Sai an shigar da shi babbar na'urar nan mai maganaɗisu, wadda ke nuna inda ƙarin ya tsaya da abin da ya danne. Na'urar kuwa guda ɗaya ce, masu jira ba iyaka.

Auta ce ke riƙe da takardu, Baffa yana tallafe da yayansa. A bakin ɗakin hoto wata ma'aikaciya na zaune, waya a hagu, biro a dama. Ta jawo takardar tambayoyi ta bi ta da gudu: a'a, a'a, a'a. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Tsoho, sa hannu nan."

Auta ta leƙa. Tambaya ta shida na cewa: ko ƙarfe ya taɓa shiga idonka? An riga an amsa masa. Takardar da aka yi don tsare lafiyar mutum, an mayar da ita tseren biro.

Shekara talatin da biyu Baba yana walda. Auta tana aji uku ya dawo gida da ido a ɗaure, injin gurza ƙarfe ya watsa masa tartsatsi. Kwana huɗu idon yana zubar ruwa, da ya lafa sai ya koma aiki. Babu wanda ya duba ko abin ya fita.

"Malama, ba ki tambaye shi komai ba," in ji Auta.

"Me zan tambaya? Ga shi nan garau."

"Mai walda ne."

"Allah ya ba da kasuwa. Ni ban kawo gyaran ƙofa ba."

Baffa ya ja ta gefe, ya rage murya. "Ke, bokon nan naki ki ajiye shi a jaka. Kin san wuyar da muka sha kafin a ba mu yau?"

"Baffa, maganaɗisun nan har kujerar ƙarfe yake fizga. In akwai ɓurɓushi a idonsa, zai motsa shi ya yanka idon."

"In akwai! Shekara nawa? Da tuni tsatsa ta cinye shi."

Baba ya ji su. Ya ce, a hankali kamar yadda maganarsa ta koma kwanan nan, "Auta, ido biyu gare ni. Kai kuwa ɗaya ne. Yi shiru."

Ta ja da baya. Aka cire masa agogo da bel, aka sa masa rigar asibiti mai igiya a baya. Mai ɗaukar hoto ya buɗe ƙofa mai nauyi, ya karɓi takardar, ya ga jerin a'a, ya gyaɗa kai. Auta ta hangi gadon da ke shigewa cikin bakin na'urar. Baba ya taka sau biyu.

"Ƙarfe ya taɓa shiga idonsa!" Auta ta ɗaga murya.

Duk masu jira suka juyo. Mai ɗaukar hoto ya tare ƙofar da hannu. "Wane ido? An cire?"

"Na dama. Ba mu sani ba."

Ya dubi ma'aikaciyar. Ta ɗaga kafaɗa. "Kullum haka muke cikewa, wa ya taɓa makancewa?"

Ya rubuta musu takarda su je a yi wa idon ƙaramin hoto tukuna, sannan ya kira na gaba. Wata mata ta miƙe da sauri, ta shiga a madadin Baba.

Awa uku suka yi a wancan layin. Da hoton ya fito, likitar ido ta ɗaga shi a gaban fitila. Ga shi nan, ɗigo fari fat, bai kai ƙwayar yashi biyu ba, kwance a bayan ƙwayar idon.

"Allah ya kiyaye," in ji likitar. "Sai an ciro shi kafin ya kusanci na'urar nan. Ku dawo bayan sati uku. In ya warke ku sake neman layi."

Auta ta zaci za ta ji sanyi a ranta. Amma ba ta ji ba.

A kan matakala Baba ya tsaya yana haki. Bai yi mata faɗa ba, da ma faɗan ya yi.

"Kin yi gaskiya," ya ce. "To, abin da ke kaina fa? Kin tambaye su ko zai jira?"

Ta damƙa wa Baffa jakar, ta zare hotunan biyu, ta koma sama. A ƙofar likitan tiyata mai gadi ya ce yau ba ranar ganin marasa lafiya ba ce.

"Na sani," ta ce, ta ƙwanƙwasa.