Bakan Hagu

A watan Afrilu Baba ya faɗo daga kan tsani yana gyaran rufin ɗakin wankan tururi, jijiyar kafaɗarsa ta dama ta tsinke. Aka yi masa aiki, aka ɗaure hannun a ƙirji wata da watanni. Likita ya ce bana ya manta da farautar baka. Baba ya ce to. Ni da na san halin mahaifina Arvo Kangas, wannan "to" ɗin ce ta hana ni sukuni.

Shi kaɗai yake zaune a ƙarshen hanyar tsakuwa tun rasuwar Inna. Kuma a nan arewacin Michigan, in ganye ya fara ja ka ga namiji bai taɓa tsirkiya ba, to ko dai yana asibiti ko yana kabari. Saboda haka ban yi mamaki ba da ya kira ni a tsakiyar Satumba.

"Aili, ran Asabar ki zo ki kai ni shagon Gordy."

"Baba, me za ka yi a shagon Gordy?"

"Kitso za a yi min. Me ake yi a shagon baka?"

Na kai shi, don na san in na ƙi, da kansa zai tuƙa. Duk tsawon hanya ina ta ganinsa a raina a kan bishiya yana dakon barewa, kafaɗa ta sake ɓallewa, babu mai jin ihunsa sai hankaki.

Gordy Pelkie ajinsu ɗaya da Baba tun firamare, kuma ba su taɓa gaisawa babu zagi ba.

"A'a! Ashe ba ka mutu ba? An ce min rufi ya kayar da kai."

"Tsani ne. Kuma ko da hannu ɗaya na fi ka harbi, ƙaton banza."

Bakuna rataye a bango a jere, kowanne da tayoyinsa biyu, sama da ƙasa. Irin wannan baka wahalarsa duk a farkon ja take; da ka tsallake tudun, tayoyin sun karɓe nauyin, ka riƙe tsirkiya a kumatu har barewa ta gyara tsayuwa. Tsohon bakan Baba ya tsage, shi ya sa yake neman sabo.

"Mai nauyin ja laba saba'in," in ji shi. "Irin wanda na saba."

Gordy ya dube ni ta saman tabarau. Na girgiza masa kai. Ya sauko da mai sittin, ya ɗora masa kibiya, ya kai mu lungun da ake gwaji.

Baba ya gyara ƙafafu, ya ja. Tsirkiya ta zo rabi ta tsaya. Jijiyar wuyansa ta miƙe, hannu ya soma rawa, bakan yana kaɗawa sama da ƙasa.

"Baba, bari haka!"

Bai saurare ni ba. Ya ƙara yunƙuri, tudun ya ƙi tsallakuwa, da ya zo mayar da tsirkiyar sai ta fizge shi gaba. Wata ƙara ta fito masa daga maƙogwaro wadda ban taɓa ji ba. Fuskarsa ta yi fari fat. Na karɓe bakan, na zaunar da shi a kan wani akwati, ina latsa kafaɗar kamar na san abin da nake nema.

"Ba ta tsinke ba," ya ce da kyar. "Cire min hannu, 'yar nan."

Gordy ya zuba masa kofi, ya sosa ƙeya.

"Arvo, akwai irin wanda ake ɗanawa a ajiye, sai dai ka ja kunama. Tsofaffi da yawa sun koma shi."

"Wannan ai bindiga ce ta ari kayan baka. Ka ajiye wa kanka."

Ya miƙe zai fita. Ni kam da farko daɗi na ji, na ce a raina magana ta ƙare. Amma da na ga yadda yake laluben hularsa, kansa a ƙasa, sai wani tsoron ya danne na farko. Na san abin da zaman gida zai yi masa daga kaka har ƙanƙara ta narke.

"Tsaya tukuna," in ji Gordy. "Miƙa hannuwanka gaba, ka haɗa su ka bar 'yar kafa a tsakiya. Yauwa. Leƙa kan barewar can na bango. Yanzu jawo hannuwan zuwa fuskarka a hankali."

Kafar ta zo ta tsaya a kan idon hagu. Gordy ya fashe da dariya har da dukan cinya.

"Wallahi tun muna yara na san akwai abin da ke damunka! Idonka na hagu ne shugaba. Duk tsawon rayuwarka da idon aro kake harbi!"

Ya shiga ciki ya fito da bakan 'yan hagu, gajere, mara nauyi, ya sassauta shi zuwa laba arba'in da biyar. Hannun dama mai ciwo riƙo kawai zai yi, na hagu ne zai ja.

"Wannan ai na mata ne," in ji Baba.

"Matata ta kashe barewa da irinsa fiye da yadda ka taɓa gani a mafarki. Ja mu gani."

Baba ya ja a karkace, kamar mai koyon rubutu da hagu, tsirkiya ta haura tudun ta zauna a kumatunsa. Ya tsaya haka, ina kallon kafaɗar. Ba ta yi rawa ba. Ya saki, kibiya ta bar allon gwaji can gefe ta soke bango.

"Za ka biya ni bangona," in ji Gordy.

Da bakan muka koma gida. Na kafa masa sharaɗi: babu hawa bishiya, a ƙasa zai yi maɓoya, kuma waya a aljihu. Shi ma ya kafa wa kansa nasa: ba zai shiga daji ba sai kibiyoyinsa sun daina kuskuren farantin takarda da ya manna a damin ciyawa. Aka buɗe lokacin farauta, maƙwabta suna ta rataye nama, shi yana bayan gida yana tsince kibiyoyi a cikin ƙaya. Sai wajen ƙarshen Oktoba ya ce min gobe da safe zai fita, zai kira ni kafin azahar.

Azahar ta yi bai kira ba. Na kira, wayar ba ta shiga. Na bar miya a kan wuta na ɗauki mota, sai a hanya na tuna, na roƙi maƙwabciyata ta je ta kashe.

Motarsa tana bakin daji. Maɓoyar babu kowa, kwalbar kofinsa a kwance ta zube. Can gaba kaɗan na ga jini a kan ganye. Na bi ɗigon jinin ina tuntuɓe, ya gangara da ni cikin fadama mai duhun itatuwa, ina ƙwala kira har muryata ta dushe.

"Ke, rage ihu! Kin kore har bareyin baɗi ma."

Yana zaune a kan kututture, baka a cinya, barewa a kwance gabansa, ya riga ya feɗe cikinta.

"Baba! Me ya hana ka fitowa inda waya ke kamawa?"

"Na gwada janta, kafaɗa ta ce a'a. In na tafi na bar ta, kyarkeci ya riga ni. Na san dai za ki zo."

Na buɗe baki zan yi masa faɗa, kuka ya zo maimako. Ya bar ni na yi abina, yana kallon gefe. Da na share ido na lura hannuwansa na kakkarwa.

"Sanyi ne?" na tambaye shi.

"Ba sanyi ba ne. Da ta tsaya na ja, sai na ji tsoron kada in raunata ta ta je ta mutu a wani wuri. Na daɗe a riƙe kafin in saki." Ya nuna bayan wani itace. "Ba ta yi nisa ba ta faɗi."

Na ɗaura mata igiya a wuya, na naɗe ɗaya bakin a ƙuguna. Ni ke ja, shi yana gaba yana ture rassa da ƙafa, yana gaya min ba haka ake ja ba. Sai la'asar muka fito bakin hanya, taɓo har gwiwa. Da muka isa gida ya soya mana hanta da albasa, na ci a tsaye, don ƙafafuna sun sage, sun ƙi yarda in zauna.